Idan an tashi cike kududdufin bayan gida, ina za a kai kifin zinare da dodon koɗi?

A unguwannin bayan gari na Ingila, idan kaka ta shigo ganye ya fara zuba, ana yawan ganin irin wannan aiki. An sayar da gida, motar kwasar kaya za ta zo ƙarshen mako, a can ƙarshen lambu kuma ga ɗan kududdufin da maigida ya haƙa da hannunsa shekara 20 da suka wuce. Wanda ya sayi gidan yana da yara ƙanana, ya riga ya ce cike ramin zai yi. Sai a jera bokitai a kan ciyawa, a kunna famfo, ruwa ya fara ja da baya, a shiga da koma.

Masu gida sun san kifi 6 ko 7, jajaye masu ƙyalli, waɗanda kan taso sama duk safiya idan an watsa abinci. Amma da ruwa ya sauka zuwa idon sawu, sai a tarar da 40 ko 50. Mafi yawansu ƙanana ne masu launin ƙasa, waɗanda aka haifa a nan ba tare da kowa ya lura ba, don ɗan kifin zinare ba ya fara ja sai ya yi watanni. A jikin ledar da aka shimfiɗe ramin da ita, da ƙarƙashin ganyen bado, da cikin laka, dodon koɗi ne ɗaruruwa.

Nan ne hankali yake tashi. Kantin da ya sayar da kifin ba ya karɓa, maƙwabta kowa nasa ya ishe shi, lokaci kuma ya ƙure. Ga rafi a bayan unguwa, tafiyar minti biyar, ko tafkin wurin shaƙatawa na gari. Mutum ya ɗauki bokiti da magariba, ya juye, ya koma gida zuciyarsa wasai, yana ganin ya 'yanta rai.

Wannan bokitin, da dubban irinsa, shi ne ke cinye wa hukumomin ruwa a Amurka da Kanada da Ostareliya da Turai kuɗi da lokaci a yau.

Kifin da ya fi ƙarfin tulunsa

A watan Yuli na 2021 hukumar birnin Burnsville da ke jihar Minnesota a Amurka ta wallafa hotunan kifin zinare da aka kamo a tafkin Keller. Wasu sun haura santimita 40, masu ƙiba, sai an sa hannu biyu ake riƙe su. Hukumar ta roƙi jama'a su daina sakin kifin gida a tafkuna. Hotunan sun zaga duniya, mutane da yawa sun kalla sun yi mamaki sun wuce.

Ma'aikatan ruwa na jihar kuwa ba su ga abin mamaki ba. Watanni kaɗan kafin nan, a ƙarshen 2020, an kwashe kifin zinare kusan 50,000 daga wasu tafkuna masu haɗe da juna a gundumar Carver. A 2015 an ƙiyasta kusan 3,000 ko fiye a wani ƙaramin tafki kusa da Boulder a jihar Colorado, ana kuma kyautata zaton 'yan ƙalilan aka zuba shekara biyu kafin nan. A can an yi sa'a: kafin hukuma ta yanke shawarar ko ta zuƙe tafkin ko ta kashe kifin, garken kwasakwasa ya sauka ya cinye mafi yawansu. Ba kowane tafki ke samun irin wannan ɗauki ba.

A yammacin Ostareliya, masu bincike na Jami'ar Murdoch sun yi shekaru suna bin kifin zinare a kogin Vasse. Sun kamo masu nauyin kusan kilo 2, kuma na'urar da suka liƙa wa wasu ta nuna ɗaya ya yi tafiyar fiye da kilomita 230 a shekara guda. Kifin da muka saba gani yana kewaya tulun gilashi, ashe matafiyi ne. Ƙanƙantarsa a cikin tulu ba halittarsa ba ce, matsi ne da gurɓataccen ruwa suka tsumburar da shi.

Daga tafkin tausayi zuwa kyautar kasuwar baje koli

Asalinsa kifi ne mai launin toka na dangin kap, wanda ake ci a ƙasar Sin. Jefi-jefi akan samu ɗaya ya fito ja ko rawaya. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, mabiya addinin Buda sukan fanshi irin waɗannan daga hannun masunta, su sake su a tafkunan gidajen ibada don neman lada. A waɗannan tafkuna aka fara kiwonsa, aka yi ta zaɓen masu launi har ya zama abin da muka sani. Ya shiga Japan, ya isa Turai wajen ƙarni na 17, ya ƙetara Amurka a ƙarni na 19. A shekarun 1880 hukumar kifi ta gwamnatin Amurka har rabonsa take yi kyauta ga mazauna Washington, dubbai a kowace shekara.

Akwai abin lura a wannan tarihi. Tausayin da ya haifi kifin zinare tausayi ne mai shinge: tafki ne rufaffe, akwai mai kula da shi. Wanda yake juye bokiti a rafi a yau yana jin irin tausayin nan a ransa, amma ya zubar da shingen, ya kuma zubar da kulawar.

Arha ce ta ƙarasa ɓata lamarin. Kifin da ake saya da canjin aljihu, ko a ci shi kyauta a leda a wasan kasuwar baje koli, ba wanda yake zama ya yi lissafin cewa zai iya shekara 15 ko 20 a raye. Wani da aka ci a irin wannan wasa a Ingila ya kai shekara 43 kafin ya mutu a 1999. Ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA ta daɗe tana neman a hana bayar da kifi a matsayin kyautar wasa, ƙananan hukumomi da dama kuma sun hana a filayensu.

Me yake yi wa ruwa?

Kifin zinare mai tono ne. Yana kwasar laka a baki, ya tace abin ci, ya furzar da sauran. A haka yake tumɓuke tsirran ƙarƙashin ruwa, ya dagula ruwan har hasken rana ya kasa ratsawa. Sinadaran da suka kwanta a ƙasa su taso, gansakuka ta samu taki ta rufe tafki. Yana cin ƙwan sauran kifaye da 'ya'yan kwaɗi. Mace ɗaya tana zuba ƙwai dubbai, kuma ba sau ɗaya a shekara ba. Bayan 'yan haihuwa jan launin kan ɓace, jikoki su koma launin kakanninsu na farko, zalɓe ma ya daina hango su da sauƙi.

Ga shi da taurin rai. A 2017 masana daga jami'o'in Oslo da Liverpool sun bayyana yadda yake ƙetare hunturu a ƙarƙashin ƙanƙara, inda iskar oksijin kan ƙare ƙaf. Jikinsa yana mayar da gubar da ke taruwa a tsoka zuwa barasa, ta fice cikin ruwa. Sauran kifaye su mutu, shi ya wayi gari tafki ya zama nasa. Shi ya sa ya mamaye tashar ruwan Hamilton da ke bakin tafkin Ontario a Kanada, da kududdufan tara ruwan sama na biranen lardin Alberta, inda sai da aka zuba maganin kashe kifi a wasu kafin aka ga bayansa.

A Ingila ɓarnar tasa a ɓoye take. Yana barbara da wani ɗan uwansa da ya daɗe a kududdufan ƙauye, wanda ake kira kurushiyan kap, har tsantsar irin wancan ta yi ƙaranci a wurare da yawa.

Dodon koɗi, wanda ba a sa shi a lissafi

Kifi yana da ido, yana da launi, yara sun raɗa masa suna, don haka ana neman masa gida. Dodon koɗi kuwa ba a ma ƙirga shi. Yana tafiya ne a cikin ruwan bokiti, a jikin saiwar bado, a cikin lakar da aka kwasa. A ganina shi ne ya fi wuyar sha'ani, kuma shi ya kamata a fi yi wa tsaye.

Dalili na farko haihuwa ce. Yawancin na kududdufi kowane ɗaya namiji ne kuma mace, wasu ma ba sa bukatar abokin barbara. Ƙwansu wani ɗan yauƙi ne garai-garai da suke liƙawa a bayan ganye, ido ba ya kama shi sai an duba da kyau. Reshe ɗaya na tsiro ya isa ya kafa zuriya a sabon wuri.

Dalili na biyu shi ne ba duka ne iri ɗaya ba, masu gida kuma da wuya su bambance. Akwai 'yan ƙasa, irin mai dogon ƙoƙo mai tsini da mai ƙoƙo naɗaɗɗe kamar ƙahon rago, waɗanda a Turai ba su da laifi, suna ma share gansakuka da ruɓaɓɓen ganye. Akwai kuma baƙi da aka sayo a kanti. Ɗaya daga cikinsu babba ne mai murfi, ɗan asalin gabashin Asiya, wanda ya fara shiga Amurka ta kasuwannin abinci na San Francisco a shekarun 1890, daga baya aka riƙa sayar da shi don tsaftace kududdufi. 'Ya'ya yake haifa, ba ƙwai ba, idan ya ja murfinsa ya rufe kuma yana iya makonni a tudu bai mutu ba. Yanzu yana cikin ɗaruruwan tafkuna a Minnesota da Wisconsin, idan ya mutu da yawa a lokaci guda wari ya kori mutane daga bakin ruwa.

Wanda ya fi kowa ta'adi shi ne ƙaton nan na Kudancin Amurka da masana ke kira Pomacea, mai liƙa ƙwai ruwan hoda a saman ruwa, a jikin kara ko bango. Wajen 1980 aka kai shi Taiwan don a ci, kasuwar ba ta karɓu ba, aka watsar. Ya bi magudanai ya shiga gonakin shinkafa, daga nan ya bazu zuwa Filifin da sauran ƙasashen yankin. Dashen shinkafa ɗanye shi ne abincinsa, yana iya aske fadama a 'yan kwanaki. A 2009 aka gan shi a fadamun bakin kogin Ebro a Sifaniya, a 2012 Tarayyar Turai ta hana shigo da shi da sayar da shi, duk da cewa masu kiwon kifin ado suna ƙaunarsa ƙwarai. A 2020 aka tabbatar da ɓullarsa a aikin noman rani na Mwea a Kenya, inda mafi yawan shinkafar ƙasar ke fitowa. Wato ya riga ya taka Afirka.

Dalili na uku cuta ce. Dodon koɗi masauki ne ga tsutsotsi da dama. Wani iri mai ɗauke da tsutsar tsagiya, ɗan asalin Kudancin Amurka, ya ɓulla a Hong Kong a shekarun 1970, ana kuma danganta zuwansa da cinikin tsirran kifin ado. Ba wanda ya yi odarsa, a jikin ganye ya iso.

Kowa da inda yake kallo

Masu gida suna da hujja, bai kamata a raina ta ba. Mutumin da ya shekara 20 yana ciyar da kifi ba zai iya kallonsu suna mutuwa a busasshen rami ba. Sau da yawa ma ba shi ne mai kududdufin ba: tsoho ne ya rasu ko aka kai shi gidan kula da tsofaffi, 'ya'ya suka zo daga wani gari da kwana biyu kacal a hannu.

'Yan kasuwar kifin ado sun ce su ma ba sa goyon bayan saki, ƙungiyarsu a Birtaniya ta daɗe tana faɗakarwa a kan haka. Amma idan aka kawo musu kifi sukan ƙi karɓa, don gudun shigo da cuta cikin hajarsu, kuma kifin da ya koma launin ƙasa ba mai saye. Hujjar cutar gaskiya ce. Sai dai a nan nake ganin akwai sauran bashi a kansu. Wanda ya sayar da rai mai shekara 20 a minti biyu, bai tambayi girman wurin da za a sa shi ba, bai faɗi yawan haihuwarsa ba, yana da kaso a cikin abin da ya biyo baya.

Masu kare halittun daji kuma sun zo da magana mai ɗaure kai. Ƙungiyoyi irin su Froglife a Birtaniya suna gargaɗin kada a riƙa kwasar ruwa da tsirrai da ƙwan kwaɗi daga wannan kududdufi zuwa wancan, saboda cutar da ke kashe kwaɗi tana bin irin wannan hanya. Haka ma tsirrai masu mamaya, waɗanda aka hana sayar da guda 5 daga cikinsu a Ingila a 2014. Kifin zinare da kansa yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke hallaka wani kifin ado da ake kira koi alhali shi lafiyarsa ƙalau. Ke nan ko kyauta ga maƙwabci tana iya zama an rabu da Bukar an haifi Habu.

Doka ta fi kowa gajeruwar magana. A Ingila laifi ne a zuba kifi a kogi ko tafki ba da izinin hukumar muhalli ba. A Alberta tarar tana iya kai dala 100,000 ta Kanada. Amma wa ke gadin bakin rafi da magariba? Kama mai laifi abu ne mai wuya, shi ya sa hukumomi suka fi dogara ga roƙo.

Yadda ake yi idan za a yi da kyau

Masu kiwon da suka san hannunsu sun ce abu na farko shi ne lokaci. A fara cigiya wata ɗaya ko biyu kafin ranar tashi. A tambayi wanda ya sayi gidan tukuna, don wani lokaci yana so, bai dai san yadda ake kula ba. Sai ƙungiyoyin masu kiwon kifi na gari, da makarantu, da gidajen sayar da shuke-shuke, da zaurukan unguwa na Facebook. A Minnesota da Wisconsin akan shirya ranakun miƙa dabbobin ruwa, mutum ya kawo ba a tambaye shi dalili ba. Gidan kifi na birnin Paris ya yi suna wajen karɓar kifin zinare da masu shi suka gaji, yana killace su kusan wata guda kafin ya haɗa su da ɗaruruwan da ke can.

Ba kowane mai so ake ba ba. A je a ga wurin da ido. Kududdufi ne rufaffe, ko yana da mafita zuwa rafi? Ambaliya tana kaiwa nan? Yana da zurfin da kifi zai tsira a hunturu, da matatar ruwa? Idan kududdufin kwaɗi ne da ba a taɓa sa masa kifi ba, a haƙura, don kifin zai share 'ya'yansu. A kuma tambaya ko mai karɓar yana nufin ya yi abincin ƙugiya da su, wanda shi ma wata hanya ce ta kai su kogi.

Ƙarshen rani zuwa farkon kaka ya fi dacewa, lokacin da 'ya'yan kwaɗi suka fita, sanyi kuma bai kwantar da kifi ba. A daina ba su abinci kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, don kada kashinsu ya gurɓata ruwan hanya. A rage ruwan kududdufin kafin a fara kamu. A yi amfani da ruwan da suka saba, ba na famfo mai kulorin ba. Idan leda ce, kashi ɗaya ruwa, kashi biyu iska, a sa a kwali mai duhu, kada a cunkusa. Da an isa a ɗora ledar a kan ruwan sabon wuri kamar minti 20 ko 30 zafin ya daidaita, a tsamo kifin da koma, tsohon ruwan kuma a zubar a kan ciyawa. Mai karɓa da ya san abin da yake yi zai ware su a wani mazubi na mako biyu zuwa huɗu yana kallonsu.

Dodon koɗi da hannu ake tsince shi, ko a jefa ganyen latas da dare, da safe a ɗago shi cike. Idan an tabbatar ɗan ƙasa ne, ana iya kai shi kududdufin da ke kusa, shi kaɗai, ba laka ba ganye. Idan baƙo ne, ko ba a gane irinsa ba, wurinsa akwatin gilashi a cikin ɗaki, ko hannun masu kiwon kifayen da ke cin sa. Tsirran da aka cire a bar su a bakin ramin kwana ɗaya ƙananan halittu su koma ruwa, sannan a shanya su bushe ƙayau kafin a yi taki da su. Ruwan kududdufi lambu ake ba, ba kwata ba, don kwatar ruwan sama a rafi take ƙarewa. Masai ma ba mafita ba ce. Azaba ce ga kifin, a tsofaffin birane kuma ruwan sama mai ƙarfi kan sa magudanar ƙazanta ta yi ambaliya kai tsaye cikin kogi.

Idan duk an buga an rasa mai karɓa, likitocin dabbobi suna da hanyar kashe kifi ba tare da wahala ba, mafi sani ita ce man kanumfari, wanda ke sa shi barci kafin numfashi ya tsaya. Dodon koɗi kuma a daskarar da shi. Magana ce mai ɗaci, na sani, masu gida da yawa ba sa son jin ta. Amma wanda ya ɗauki amanar rai, nauyin ƙarshenta ma nasa ne, bai kamata ya miƙa shi ga masunta da manoma da kwaɗin rafi ba.

Abin da ya shafe mu

Kududdufin ado bai zama ruwan dare a ƙasar Hausa ba, amma akwatunan kifi na gilashi sun shiga faluka da otal-otal da ofisoshi a Kano da Kaduna da Abuja da Yamai, kifin zinare da dodon koɗin kanti suna cikinsu. Ruwanmu kuma ɗumi gare shi duk shekara, babu hunturun da zai rage mugun iri.

Mun riga mun ɗanɗana. Tsiron nan mai kama da ƙainuwa, mai shuɗin fure, ɗan asalin Kudancin Amurka, don ado aka yaɗa shi a duniya. Ya shigo Najeriya ta wajen Badagry a tsakiyar shekarun 1980, yau yana toshe wa masunta hanya a kogin Kwara har Yamai. Giwan ruwa da ake alfahari da shi a Argungu, da aka zuba shi a tafkin Victoria a shekarun 1950, ya taimaka wajen shafe ɗaruruwan nau'in ƙananan kifaye da babu su a ko'ina sai can.

Mai noman shinkafa a Kadawa ko fadamun Kebbi ko Tillaberi, idan ya ga curin ƙwai ruwan hoda manne a karan shinkafa ko bangon magudana, sama da ruwa, ya kankare shi ya murƙushe, ya ɗauki hoto ya kai wa malamin gona a ranar. Mai kududdufin tarwaɗa da zai kwashe ruwa ko ya ba wani iri, ya tuna cewa ƙananan dodon koɗin ruwanmu su ne ke ɗauke da tsutsar tsagiya, wadda ke sa yara fitsarin jini, da tsutsar da ke cin hantar shanu da tumaki. A sa takalmin roba da safar hannu kafin a shiga, a baza lakar a rana ta bushe sarai, ruwan kuma a kai shi gona nesa da inda yara ke wanka da inda dabbobi ke sha.